Saƙon Baba Zuwa Norway

Shekarar da muka cika ashirin da biyar da aure, 'yarmu ta yanke shawara ita kaɗai cewa ni da uwarta muna bukatar hutu. Wata ranar Lahadi ta zo gidanmu na Largo, kusa da Washington, ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci, ta nuna mana hoton wani jirgin ruwa da ya fi asibitin da nake aiki tsawo. Ta ce kwana bakwai za mu yi a cikinsa muna bin gaɓar ƙasar Norway. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, kamar yadda muka saba tun tana firamare. Na tambaye ta abin kallo a can, ta ce fiyod. Da ta ga ban gane ba, sai ta ce teku ne yake kutsawa cikin ƙasa ta wani dogon lungu, manyan duwatsu dama da hagu. Na ce wato dai ruwa da dutse. Ta ce e, ruwa da dutse, kuma ta riga ta gama shirya komai.

Ni mutumin tudu ne. A Kano na tashi, ruwan da na sani shi ne na famfo da na kududdufin unguwarmu, shi ma daga nesa, don ban taɓa koyon iyo ba. Amma na amince, ganin maiɗakina har ta fara zancen takalmin da za ta saya.

Labarin tafiya ba ya ɓuya a cikinmu. Kafin mako ya zagayo ya isa garin Laurel da ke kusa da mu, Baba ya kira ni ya ce yana son ganina.

Baba mutumin Maraɗi ne, ba mu haɗa jini ba. Lokacin da na sauka Amurka a farkon shekarun dubu biyu, ban san kowa ba, sai lambar wayarsa da wani ya rubuta mini a bayan ambulan. Wata huɗu na yi ina kwana a doguwar kujerar falonsa kafin in samu aiki in ɗauko iyalina. A lokacin tasi yake tuƙawa a Washington, kuma ƙato ne na gaske, in ya zauna a mota sai ka ga ta ɗan karkata gefensa. Daga baya ya bar tuƙi ya koma gadin wani sito a Laurel, sannan ciwon ƙoda ya zaunar da shi. Sau uku a mako ake kai shi wankin ƙoda. Ciwon ya ci jikinsa sosai, har agogon hannunsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu in ya ɗaga shi.

Ɗa guda gare shi namiji, ban taɓa ganinsa ba. Ya tafi Faransa karatu, ya auri wata 'yar Norway, bai gaya wa uban ba sai bayan an ɗaura. Baba ya ce masa a waya kada ya ƙara kiransa. Yaron kuwa ya yi biyayya irin wadda ba a so, shekara tara bai kira ba. Ta bakin ƙanwar yaron da ke gida Baba yake jin cewa yana aiki a wata gonar kifi a wani ƙauye, kuma ya samu 'ya mace.

Na tarar da shi a kan wannan kujera da na taɓa kwana a kai. Bayan mun gaisa, na tambayi jiki ya ce da sauƙi, sai ya shiga maganar.

"An ce za ka Norway."

"Haka yarinya ta shirya, Baba."

"To akwai saƙo."

Ya jawo wata leda daga bayan matashi ya buɗe a gabana, don ya san a filin jirgi za a tambaye ni abin da na ɗauka. Hula ce sabuwa mai aiki, da wasu ƙananan 'yan kunne a cikin akwatin ashana.

"Wagga hula tashi ce. 'Yan kunnen na uwarshi ne, Allah shi jiƙan ta, a sa wa yarinya. Ka ba shi hannu da hannu."

Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa Norway ba gari guda ba ne, kuma jirgin ba ya kwana ko'ina, sa'o'i kaɗan yake tsayawa ya wuce. Na ce in ya yarda gobe in kai gidan waya, kwana goma ya isa.

"Gidan waya na da ido?" Ya dube ni. "Ɗan Kano, ba don hula na aike ka ba. Ka tahi ka gan shi, ka zo ka hwaɗa mini. Ko ya rame, ko ya yi jiki. Yarinyar kuma ka duba mini da wa take kama."

Bai ba ni wata kalma ta ban haƙuri in kai ba, ni ma ban sa rai ba. A wurinmu uba ba ya buɗe baki ya ce wa ɗansa ya yi kuskure, sai dai ya aika mutum da hula, ɗan kuma ya san abin da ake nufi. Mutumin da ya ba ka wurin kwana wata huɗu kuwa, ba ka ce masa saƙonsa ya yi maka nauyi. Na karɓa da hannu biyu na ce in sha Allah.

'Yarmu ta duba taswira. Aka yi sa'a, tashar da za mu tsaya a rana ta biyar ba ta wuce tafiyar awa biyu daga ƙauyen ba, sai dai akwai ƙetare ruwa da jirgin fito a tsakani. Baba ya ba ni lambar da ƙanwar ta aiko. Na rubuta wa ɗan nasa saƙo a waya, na gaya masa ko ni wane ne, na faɗi rana da sunan garin, na ce zai gane ni da hular da ke kaina. Har ranar tafiya babu amsa. Na sake rubutawa daga filin jirgin sama, nan ma shiru. Da muka shiga jirgin ruwa na kashe wayar na jefa a akwati, don yarinya ta gargaɗe ni kada in kunna ta a teku saboda tsada.

Ba ni da wani abin kirki da zan faɗa game da kwanaki huɗun farko. Abinci ne daga safe har yamma, da tsofaffin Turawa masu ɗaukar hoton duk abin da ya tsaya wuri guda. Maiɗakina ta yi ƙawaye uku a rana ɗaya. Ni kuwa rana ta biyu teku ta motsa, na wuni kwance cikina yana juyawa, na tashi da ƙudurin cewa ni da ruwa gaisuwa ce kawai daga nesa. Duk inda muka tsaya kafin nan, jirgin yana manne wa gaɓa ne, a sa gada ka taka ka sauka kamar daga mota. Na ɗauka ko'ina haka ne.

Ranar ta biyar na buɗe labule da safe na ga dutse a tsaye kusa da taga, baƙi, ruwa yana zubowa daga samansa siriri. Can ƙarshen lungun ga garin, gidaje farare da jajaye ba su fi a ƙirga ba. Amma jirgin bai matsa kusa ba. A tsakiyar ruwa ya tsaya. Aka sanar ta lasifika cewa garin ba shi da matsayar babban jirgi, don haka za a riƙa fitar da mu da ƙananan jiragen nan masu launin ruwan lemo da ke rataye a gefe. Duk mai son sauka ya je ya karɓi lamba ya jira kira. Na ƙarshe zai baro gaɓa da ƙarfe uku da rabi. Aka ƙara da cewa akwai iska da ruwan sama, masu rauni a ƙafa su yi tunani.

Na sa hulata, na sa ledar Baba a cikin jaka, muka karɓo lamba. Kafin a kira mu na ce bari in leƙa in ga yadda ake shiga. A can ƙasa aka buɗe wata ƙofa a jikin jirgin, daf da ruwa. Ƙaramin jirgin yana ɗagawa yana sauka, wani lokaci bakinsa ya yi daidai da ƙofar, wani lokaci ya faɗa ƙasa ya bar rami a tsakani. Ma'aikata biyu suna riƙe kowane fasinja a damtse, suna jiran daidai lokacin su miƙa shi. Ina tsaye ƙafar wata mata ta zame, suka ɗaga ta sama kamar buhu, ta shiga tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Na juya na hau sama.

Muna zaune a falon da ke da manyan tagogi aka kira lambarmu.

"Malam, mu ne aka kira," in ji maiɗakina.

"Na ji. Bari ruwan ya tsagaita."

Tsoro nake ji, wannan shi ne gaskiyar. Amma mutum mai shekara hamsin da ɗoriya ba ya zama da tsoro tsirara, sai ya nema masa riga. Na ce mata mutumin nan bai amsa saƙo biyu ba, wanda ya iya yin shekara tara bai kira ubansa ba, ba zai yi tafiyar awa biyu cikin ruwa don ya ga baƙo ba. Na ce in na sauka aka dakatar da ƙananan jiragen saboda iska fa, a ina zan kwana. Na ce ai Baba ma da ya ga wannan ƙofar da kansa zai ce in zauna. Tana saurarona tana motsa shayinta.

"To ba ni ledar in kai," ta ce. "Ni ba na jin tsoron."

"Ni aka aika."

"To ka kai."

Ta ɗauko littafi daga jaka ta buɗe.

Wajen ƙarfe goma na ɗauki madubin hangen nesa da 'yarmu ta sa mana a kaya, na fita baranda inda akwai rumfa. Na duba gaɓa. Mutanenmu suna fita daga ƙaramin jirgin suna rugawa cikin motocin yawon buɗe ido, kowa kai a sunkuye. Can gefe, nesa da cunkoson, akwai mutum biyu da ba su motsa ba. Ɗaya dogo cikin baƙar riga mai hula, ɗaya ƙarama cikin rigar ruwa mai ruwan ɗorawa. Ruwan sama bai bar ni na ga fuska ba. Na ce wa kaina rabin yaran ƙasar nan irin wannan rigar suke sawa, wataƙila ɗan gari ne ya kawo 'yarsa kallon jirgi.

Na koma ciki na sake karɓar wata lamba. Aka kira ta, na ce bari a ƙara kaɗan.

Sha ɗaya da rabi na sake fita. Suna nan. Ƙaramar tana tsalle a cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa, dogon kuma ya matso kusa da inda ake sauka. Duk sanda ƙaramin jirgi ya iso sai ya tsaya har kowa ya gama fita, sannan ya koma gefe. Na daɗe ina kallonsu. Daga nan na sauke madubin na tafi cin abincin rana, na ci kifi da dankali, har na ƙara.

Da na dawo bayan ƙarfe ɗaya, wurin babu kowa. Abin da na fara ji a raina sauƙi ne, ba zan ɓoye ba. Ban kai ga zama ba sauƙin ya juye ya zama wani abu mai nauyi a ƙirji. Wajen ƙarfe biyu ruwan ya ɗauke, iska ta kwanta. Yanzu ba a ma bukatar lamba, don masu sauka sun ƙare. Na ɗauki jaka na gangara. Ma'aikatan suka riƙe ni a damtse suka miƙa ni, na zauna na ƙanƙame ƙarfen kujera. Minti goma muka yi a kan ruwa, babu abin da ya faru.

Ina taka gaɓa, wata mata mai furfura ta fito daga wani shagon sayar da rigunan sanyi da ke fuskantar wurin. Kaina take kallo. Ta tambaye ni da Turanci ko ni ne baƙon da ya zo daga Amurka. Ta ce wani mutum da 'yarsa sun iso tun ƙarfe tara, sun biyo jirgin fito na farko. Sau biyu suna shiga shagonta su ji ɗumi su sake fita. Yarinyar ta jiƙe ta fara rawar sanyi, sai suka bi jirgin fito na ƙarfe ɗaya. Kafin ya tafi ya sayi suwaita ya bar mata, ya ce in ta ga mai hula irin wannan ta ba shi. Ya bar lambarsa. Ban roƙe ta ba ta danna ta miƙo mini wayar.

"Salamu alaikum, Yaya," in ji muryar. Hausar Maraɗi ce, sai dai ta yi nauyi kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Ka iso lahiya?"

Na ce lafiya lau, na ba shi haƙuri, na ce ruwa ne ya tsare ni.

"E, nan kullum haka yake. Na amsa maka saƙo ai, ba ka gani ba?"

Na ce wayata a kashe take. Ya ce ba komai. Na gaya masa abin da ke cikin ledar. Ina jin ƙarar mota da muryar yarinya tana magana da yarensu. Ya ce in bar wa mai shagon, zai zo ranar Asabar ya karɓa. Sannan ya ce, "Yaya jikin tsoho?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Da kanta amsar ta fita daga bakina, yadda take fita tun ina yaro. Mu ko mara lafiya yana kan gargara aka tambaye mu, da sauƙi muke cewa, wanda ya zo dubiya shi zai gani da idonsa. Shi kuwa wannan ba shi da wani idon sai ni. Ya ce to madalla, in gaishe shi. Wani ma'aikacin jirgi ya fara ɗaga hannu yana kiran waɗanda suka rage. Na miƙa wa matar wayarta da ledar Baba, na karɓi tata ledar, na koma.

Maiɗakina ta dubi ledar da na shigo da ita ta dubi fuskata. Sauran kwana biyun na yi su ina kallon ruwa da dutse. A filin jirgin sama na kunna waya, saƙon ya shigo. Ya rubuto shi kwana biyu bayan mun tashi: za mu zo, ni da yarinya, in sha Allah.

Ranar Asabar na tafi Laurel. Watan Agusta ne, zafin da ke sa riga ta manne a baya. A hanya na shirya labarin ƙarya iri uku. Ba mai wuya ba ne, na san ɗan dogo ne, na ji muryarsa, sauran sai in cike. Da na shiga na ga Baba ya yi wanka ya sa farar riga ya zauna yana fuskantar ƙofa, sai duk ukun suka tsere mini.

Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye ledar da ɗan ya bari a gabansa na gaya masa yadda aka yi, daga ƙofar da ke daf da ruwa har zuwa shagon. Ban cire lambobin da aka kira ba, ban cire abincin rana ba. Yana saurare yana kallon ledar. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi jin daɗi.

"Awa nawa ya tsaya?"

"Huɗu, Baba."

"Cikin ruwa."

"Cikin ruwa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya buɗe ledar ya fito da suwaitar, mai kauri ce, toka-toka da farin zane a ƙirji. Ya ce in taimaka masa. Na ce Baba ana zafi, ya ce in taimaka masa. Na zura masa ita a kan farar rigar. Kafaɗunta suka sauko har rabin damtsensa, hannayen suka rufe yatsunsa gaba ɗaya. Ɗan ya auna ne da mutumin da ya sani, wanda tasi take karkata masa.

Baba ya ɗaga hannu ya dubi yadda bakin rigar yake lilo.

"Bai san na rame ba. Ka hwaɗa mishi?"

"Ya tambaya. Na ce da sauƙi."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Ni ma haka zan ce."

Ya naɗe hannun rigar sau biyu har yatsunsa suka fito, ya shafa zanen da ke ƙirji. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi amma bai cire ba. Can ya ɗago.

"Ka ce ka hange su da wanga madubi. Yarinyar, ko kaɗan ba ka ga da wa take kama ba?"

Na so in ce da shi take kama, ko da marigayiya. Ya kafe ni da ido yana jira.

"Rigar ruwa kawai na gani, Baba," na ce. "Mai ruwan ɗorawa. Tana tsalle."